Tambayoyinku: Lemun Tsami Ya Ƙi Kunna Fitila, da Sauran Matsalolin Baje Kolin Kimiyya

Zangon karatu na biyu ya kankama, makarantu da dama kuma sun sa ranar baje kolin kimiyya. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan haka suke, daga iyaye da malamai har da ɗalibai. Ga huɗu daga ciki.

Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyar na firamare. Ya karanta cewa lemun tsami yana ba da wuta, sai ya soke lemo ɗaya da ƙusa da waya ya haɗa da ƙwan tocila, amma ko ƙyas. Ya sake har sau uku. Yanzu ya ce littafin ƙarya yake yi. Baje kolin saura mako biyu, yaya za mu yi? Daga wata uwa a Gusau.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Littafin ya faɗi gaskiya, sai dai bai faɗi yawan wutar ba. Lemo ɗaya da aka soka wa tutiya da jan ƙarfe yana ba da kusan bolt 0.9 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), bai ma kai batirin tocila ɗaya ba, wanda yake da 1.5. Wutar da ke gudana daga cikinsa kuma 'yar mitsitsiya ce. Ƙwan tocila irin na da, mai siririn zare a ciki, yana cin ninkin haka sau ɗaruruwa, ko an jera lemo ashirin ba zai kama ba. A ajiye shi gefe, a je wurin mai gyaran rediyo a sayi ƙaramin ƙwan LED ja. Ja muka ce, domin shi yana kamawa da kusan bolt 2, fari da shuɗi kuwa sai wajen 3.

A samo lemo huɗu masu ruwa, da ƙusar rufin kwano huɗu (ita ce aka shafe da tutiya, ƙusar katako ba ta kai ta ƙarfi ba), da guntayen wayar jan ƙarfe mai kauri huɗu, kowanne kamar tsawon yatsa, sai siraran wayoyi biyar na haɗawa. Yaro ya murza kowane lemo a kan tebur da tafin hannu har ya yi laushi. A kowanne ya soka ƙusa ɗaya da jan ƙarfe ɗaya, da tazarar santimita 2 a tsakaninsu. Sannan ya haɗa su jere: jan ƙarfen lemo na farko zuwa ƙusar na biyu, jan ƙarfen na biyu zuwa ƙusar na uku, haka har na huɗu. Abin da zai rage ba haɗi shi ne ƙusar na farko da jan ƙarfen na ƙarshe. Ƙwan LED ƙafa biyu gare shi, doguwar ta tafi wajen jan ƙarfe, gajeriyar wajen ƙusa. Idan aka juya su ba zai kama ba, kuma wannan ne ya fi hana aikin tashi.

In har yanzu shiru, a duba ko ƙusa da jan ƙarfe sun taɓa juna a cikin lemon. A duba wayar ma: wadda aka ciro daga tsohuwar fanka ko injin rediyo tana da wani siririn shafi mai kama da jan ƙarfen kansa, sai an kankare bakinta da reza. Hasken dushi-dushi ne, a kalle shi a ɗaki mai duhu ko a cikin kwali. Lemon da aka yi aiki da shi a zubar, kada kowa ya sha.

Kunna fitila kaɗai nuni ne, a ƙara masa tambaya ya zama bincike. A ari mitar gwajin wuta wurin mai gyaran, yaro ya auna lemo da dankalin turawa da tumatir, ya rubuta. Zai tarar duk sun yi kusa da juna, domin ƙarafan biyu ne ke yanke yawan bolt ɗin, ruwan lemon hanya ce kawai. Kuma Hajiya, gwaji ukun nan da suka ƙi, ya rubuta su a saman kwalin da zai baje bayanin aikinsa tare da dalilin da ya gano. Ki gaya masa a fili cewa abin da ya burge ki shi ne komawar da ya yi sau uku.

'Yata ta yi aikin tukunya cikin tukunya mai sanyaya tumatir a watan Yulin bara. Da ta auna, bambancin zafin ciki da na waje digiri 2 ne kacal. Alƙalai suka ce aikin bai yi ba, tun daga ranar ta ce ita da kimiyya har abada. Ina kuskuren yake? Daga wani uba a Haɗeja.

Malam, ga dukkan alamu aikin 'yarka lafiya yake, damina ce ta kama shi. Wannan tukunya tana sanyaya abu ne ta hanyar bushewar ruwa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Ruwan da ke cikin yashin da aka zuba tsakanin tukwanen biyu yana ratsa jikin babbar tukunya, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafi. A Yuli da Agusta iskar kanta a jiƙe take, shi ya sa wanki ke daɗewa a kan igiya, ita ma tukunya haka take fama. A watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da iska ta bushe ƙamas, bambancin kan iya kaiwa kusan digiri 10 da tsakar rana. Digiri 2 a Yuli awo ne na gaskiya, kuma da alƙalan sun tambaye ta wane wata ta yi gwajin, da sun ga haka.

Ka gaya mata cewa wanda ya yaɗa wannan fasaha a karkararmu malami ne da ya koyar a nan jiharku ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, kuma fasahar ta sa ya sami lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000. Yanzu da muke cikin rani ta sake, ta riƙe tsohon littafin awonta da kyau, domin awon bara shi ne rabin sabon aikin. Tambayarta ta zama: a wane lokaci na shekara tukunyar ta fi sanyaya kaya?

Ga abin da za ta kula da shi. Tukwanen su zama na ƙasa, babbar ba fenti ba siminti, in ba haka ba ruwa ba zai ratsa ta ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ta kai santimita 3 zuwa 5, a cika ta da yashin rafi da aka tankaɗe, a fara zuba shi a gindi yadda bakin tukwanen zai daidaita. A jiƙa yashin sharkaf safe da yamma, ba har ya yi kududdufi ba. A rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri. A ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, a ɗora a kan duwatsu uku don ta shiga ta ƙasa. Wanda ya kulle ta a ɗaki ya mayar da ita damina da hannunsa.

Awo sau uku a rana, ƙarfe 7 na safe da 2 na rana da 6 na yamma, har kwana bakwai. Ma'aunin zafi ɗaya ya isa, amma a bar shi minti 5 a kowane wuri kafin a karanta, kuma zafin waje a inuwa ake auna shi kusa da tukunyar. Ta sayi tumatir goma masu nuna iri ɗaya, biyar a tukunya, biyar a kwando kusa da ita, kullum ta rubuta nawa suka fara taushi. Ba tare da na kwandon nan ba, babu mai iya cewa tukunyar ta yi wani abu.

An sa ni cikin alƙalan baje kolin makarantarmu, yara 40 daga aji huɗu zuwa shida. Ba na so in karya gwiwar kowa, amma ba na so in yi ta cewa "ya yi kyau" alhali wasu ayyukan ba su yi ba. Wasu kuma daga gani ka san babba ne ya yi. Me zan ce musu? Daga wata malama a Zariya.

Malama, kin yi daidai da kika ƙi yarda da "ya yi kyau". Yaro yana jin an faɗa wa na kusa da shi kalmar nan, ya san ba tasa ba ce. Yabon da ke zama a zuciya shi ne wanda ya ambaci abin da yaron ya yi da hannunsa: "Na ga kin auna tsawon waken kullum har kwana goma, ba ki tsallake ko ɗaya ba." Mai jin wannan ta san an duba littafinta.

Yara 40, in kowanne ya sami minti 5, awa uku da minti ashirin ke nan, ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ku raba, kowane alƙali ya ɗauki goma zuwa sha biyar. Idan kin zo gaban yaro ki zauna ko ki rusuna, kada ki tsaya a kansa da biro. Ki fara da "nuna mini yadda yake aiki", sannan "me ka zata zai faru kafin ka fara?", sannan "me ya fi ba ka wuya?". Ki bar shi ya amsa da Hausa in ita ta fi masa sauƙi, fahimta ake nema. Yaron da ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, sau da yawa tarbiyyar gida ce da kunyar manya, kada a rage masa maki a kanta. Ki ba shi abin aikinsa a hannu, za ki ga baki ya buɗe.

Gyara kuwa ɗaya tak, kuma ki sa shi a siffar mataki na gaba. A ce yaro ya shuka wake a kofi biyu, ɗaya da taki a rana, ɗaya ba taki a inuwa, ya ce taki ne ya sa na farko ya fi girma. Kuskuren a fili yake, ya canza abu biyu lokaci guda. Maimakon ki yanke masa hukunci, ki tambaye shi: "Ta yaya za mu san taki ne, ba rana ba?" Ki yi shiru ki jira. Da yawansu da kansu za su ce a sa duka biyun a rana. Sai ki ƙara masa cewa kofi uku-uku ya fi ɗaya-ɗaya, don ƙwaya ɗaya tana iya zama marar kyau tun asali. Ko da kin ga kurakurai biyar, huɗun ki bar wa malamin ajinsa.

Aikin da babba ya yi, tambaya biyu ke bayyana shi: "Me ya fara lalacewa lokacin da kake haɗawa?" da "In na cire wannan wayar, me zai faru?" Wanda ya yi da kansa yana da labarin lalacewa, ba ya rasa shi. In yaro ya kasa, kada ki tona shi gaban jama'a, ba shi ya zaɓi haka ba. Ki ce: "Wane ɓangare ne ka yi da hannunka? Shi nake so in gani." Ki ba da maki a kan wannan. Maganin abin na gaba shi ne takardar maki da za a aika wa iyaye tun kafin a fara. Shawararmu, cikin maki 20: tambaya da tsarin gwaji 6, littafin awo 6, bayanin yaro da bakinsa 6, kyan kwali 2. Uban da ya ga kyau maki 2 ne ba zai kai aikin wurin kafinta ba.

Abu na ƙarshe, kowane yaro ya koma gida da 'yar takarda mai layi biyu da hannunki, abin da ya yi daidai da abin da zai gwada gaba, ko ya ci kyauta ko bai ci ba.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ina cikin JETS, ƙungiyar ɗaliban kimiyya da fasaha ta makarantarmu. Ina son shiga baje kolin amma ba ni da kuɗin sayen kaya. Daga wata ɗaliba a Katsina.

'Yarmu, kayan aikinki suna madafin gidanku. Zoɓo yana canza launi gwargwadon tsami ko kaifin abin da aka zuba masa. Ki jiƙa tafi ɗaya na busasshen zoɓo a ruwan zafi rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, minti 10, ki tace. Ba sukari ba citta. Ki ƙara ruwa har ya zama ja mai haske da ake hango yatsa ta cikinsa, domin in ya yi kauri canjin ba zai fito ba. Ki zuba cokali uku-uku a kofuna masu garau, ki bar ɗaya ba ki taɓa ba don kwatance.

In kin ɗiga lemun tsami ko ruwan tsamiya, canjin kaɗan ne, don zoɓon kansa mai tsami ne. Ruwan kanwa da ruwan toka da aka tace su ne za su juya shi ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Daga nan aikin ya fara daɗi: ki mayar da kofi uku duhu da kanwa daidai wa daida, sannan ki ƙirga ɗigo nawa na lemun tsami, da na tsamiya, da na lemun zaƙi ake buƙata kafin jan ya dawo. Wanda ya fi ƙarancin ɗigo shi ya fi tsami. Ki yi ɗigon da sabon sirinji marar allura, ki maimaita kowanne sau uku, ki rubuta duka. Kada ki kusanci ruwan batirin mota ko sodar yin sabulu, suna ƙona fata, kuma kada kowa ya ɗanɗani abin da ke cikin kofunan. Ranar baje kolin ki haɗa sabon ruwan zoɓo da safe, na jiya launinsa kan dushe.