Amsoshin tambayoyinku: za a iya ajiye iri a firiza?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Wani bawan Allah daga wajen Lafiya ya turo tambaya, ya ce ya ji ana daskarar da iri a ajiye shi shekara da shekaru, shi kuma yana da wata doya da ya gada wurin mahaifinsa mai daɗin sakwara, kullum ƙara ƙaranci take, ko zai iya yanka ta ya sa a firiza?

Malam don Allah kar ka yi, asarar doyarka za ka yi. Abin da ka ji gaskiya ne amma ba da firizar gida ake yi ba. Doya da rogo da dankali da ayaba jikinsu ruwa ne cike, in ruwan nan ya daskare a hankali sai ya zama ƙanƙara mai tsini ta huda ƙwayoyin halittar shukar, shi ya sa in ka fito da ita ta narke za ka ga ta yi laushi ta ruɓe, ba za ta tsira ba har abada. Su masu bincike abin da suke yi, suna ciro ɗan kan tsiron ne can saman toho, bai fi milimita 1 ba, sai da madubin ƙara girma ake yankarsa, a jiƙa shi a ruwan sukari da gilisarin har ruwan jikinsa ya ragu, sannan a tsoma shi farat ɗaya cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Saurin ne sirrin, ruwan ba ya samun damar yin ƙanƙara, ya dai sandare kamar gilashi. A wannan sanyin komai na shukar ya tsaya cak, ba girma ba tsufa. Ranar da ake buƙata a ɗumama shi da sauri a dasa a kwalba ya fito da saiwa da ganye. Kuma ko a can ba duka ke tashi ba, wani irin yana jurewa wani ba ya yi, shi ya sa ake daskarar da da yawa daga kowane iri.

Firizar gidanka iyakarta wajen digiri 18 ne ƙasa da sifili, ga ɗauke wuta, yau ta daskare gobe ta narke.

Ana wannan aikin daskarewa a ruwan naitirojin da ayaba a Luben ta ƙasar Beljiyam, da dankalin turawa a cibiyar binciken dankali ta duniya, CIP, a Lima ta ƙasar Peru, a nan gida kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na ajiye da doya da rogo iri-iri a gona da cikin kwalabe, kuma suna aikin daskarewar su ma. Shawarata gare ka, ka raba irin doyar nan gona biyu ko uku, ka ba 'yan uwa biyu amintattu su ma su shuka, sannan ka yi magana da malamin gona na yankinku ya haɗa ka da NACGRAB a Ibadan, hukumar da ke adana irin shuke-shuken Najeriya ke nan. Ni abin yana damuna ƙwarai yadda irin kaka da kakanni ke ɓacewa shiru-shiru saboda kowa ya koma sabon iri.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta tambaya, to gero da wake fa?

Hajiya naki mai sauƙi ne. Gero, dawa, wake, masara, gyaɗa, duk suna jure bushewa, su ne ake ajiyewa a rumbun Sibalbad na ƙasar Norway da aka buɗe a 2008, a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ya yi rana, don a 2015 cibiyar binciken noman busassun yankuna, ICARDA, ta je ta karɓo nata bayan yaƙin Siriya ya raba ta da rumbunta na Halab. Ku ma kusa da Yamai akwai rumbun iri na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore. A gida abin da ya fi sanyi muhimmanci shi ne bushewa, ki shanya irin a inuwa mai iska har in kin ciza ya yi ƙas, ki zuba a jarka ko kwalba mai murfi ki toshe sosai, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi ba kusa da murhu ba. In za ki sa a firiza to lallai ya bushe ƙayau kuma a rufe yake, in kin fito da shi kar ki buɗe sai sanyin ya sake shi, in ba haka ba raɓa za ta kwanta masa. Kafin damina ki ƙirga ƙwaya 100 ki sa a jiƙaƙƙen tsumma kwana bakwai, in waɗanda suka tsira sun fara raguwa sosai to bana ki shuka shi ki sabunta. Gyaɗa ta fi saurin mutuwa saboda mai, a bar ta cikin ɓawonta.

Wanda ya tambaya kan goro da kaɗanya da mangwaro, waɗannan ƙwallonsu in ya bushe ya mutu, sanyi ma kashe shi yake, da ka samu ka shuka cikin 'yan kwanaki.