Tambaya da Amsa: Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Khartum, daga ina ta faro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya ci jarrabawar shahada ta kammala sakandare, ya nace sai karatun lauya a Jami'ar Khartum. Ƙanena kuwa ya ce makarantar Turawa ce, dokar Ingila kaɗai ake koyarwa. Mene ne asalinta, kuma me yaron zai tarar? Daga wani uba a Mai Wurno, ƙasar Sudan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, labarin nasa ne ya tsufa.

Tushen jami'ar shi ne Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, inda tun farko ake horar da alƙalan kotunan Musulunci. A 1936 aka kafa makarantar koyon doka, don 'yan ƙasa su fara zama a kujerun kotunan gwamnati. Kwalejin ta haɗe da makarantar likitanci ta Kitchener a 1951 ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan, sannan a 1956, shekarar da Sudan ta sami 'yanci, ta tsaya da ƙafarta.

Ta wace ƙofa dokar Ingila ta shigo? Dokar shari'un madaniyya (na mu'amala tsakanin mutane, ba na laifuka ba) ta 1929 ta ce idan alƙali bai sami nassi ba, ya yi hukunci da adalci, daidaito da lamiri mai kyau. Alƙalan lokacin, Turawa ne, saboda haka abin da suka karanta a gida shi suka kira adalci. Da haka hukunce-hukuncen baya suka zama hujja, kuma da Turanci aka rubuta su. A gefe guda, reshen Jami'ar Alƙahira da aka buɗe a Khartum a 1955, wanda ya koma Jami'ar Nilain a 1993, yana koyar da tsarin Masar da Larabci. Ɗaliban gidajen biyu sun daɗe ba sa ga maciji. A 1971 aka kawo kundin madaniyya irin na Masar, a 1973 aka soke shi. Sai dokokin shari'ar Musulunci na 1983 da ake kira dokokin Satumba, dokar mu'amaloli ta 1984 da dokar laifuka ta 1991, waɗanda suka mayar da fiƙihu ginshiƙi. Daga 1990 kuma aka juya karatun jami'o'i zuwa Larabci.

Mu Hausawa muna da rabo a wannan tarihi. Malaman Sudan ne suka koyar a makarantar alƙalai ta Kano da aka buɗe a 1934, kuma alƙalin alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin 1958 wanda aikinsa ya haifar da kundin laifuka na Arewacin Nijeriya, da aka ɗora a kan na Sudan.

Game da yaron, zai karanta fiƙihu da usulu, gado, laifuka, kwangila, dokar ƙasa da ƙasa da ƙa'idojin shigar da ƙara. Inda ɗalibai suke faɗuwa shi ne haddace takardun malami su bar hukunce-hukuncen kotu. Ranar jarrabawa a ba su labarin rigimar gona, a ce su fitar da hukunci, sai hadda ta gagara. Na biyu, sakaci da Turanci: tsofaffin juzu'an mujallar hukunce-hukunce da aka fara fitarwa a 1956 da Turanci suke, wanda bai iya ba sai dai a karanta masa. A ganinmu ya fara gyara Turancinsa tun yanzu, kafin a kira sabbin ɗalibai.

Digiri kaɗai ba ya sa mutum ya tsaya gaban alƙali. Bayansa akwai jarrabawar shiga sana'ar, wadda ake kira mu'adala, sai zaman koyon aiki a ofishin wani lauya kafin a ba shi lasisi. Kuma tun da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya hargitsa karatu a Khartum, ku tabbatar daga ofishin karɓar ɗalibai inda ake ɗaukar darasi bana kafin ku biya ko sisi.