Waya ta faɗa ruwa, kana tambayata ko ka sa ta a caji?

Ajiye cajar nan. Na ce ka ajiye ta, ka jawo benci ka zauna.

Ka ce wata mata ta kawo Tecno, ta faɗa mata cikin bokitin wanki shekaranjiya, ta binne ta a buhun shinkafa kwana biyu, yanzu kana tambayata, "Masta, in jona ta a caji mu ga ko za ta tashi?" Wata takwas kana shagon nan, yaro. Wata takwas kana kallon hannuna, amma hannunka na fara zuwa wurin caja. Da ba don mahaifinka da kansa ya riƙo hannunka daga unguwar Nima, nan Accra, ya kawo ka ba, da yau ka koma share gaban shago.

Ruwan da ya kwanta a kan injin waya, in babu wuta, ɓarnarsa a hankali take tafiya. Wuta ce ke ba shi haƙora. Batirin nan da kake gani yana tura wajen bolt 3.8 cikin injin ko da wayar a kashe take, caja kuma ta zo da bolt 5, masu saurin caji har 9 suna kaiwa. Ƙafafun ƙananan kayan da ke kan injin, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ruwan wanki yana da sabulu, ruwan kwata yana da gishiri da laka, dukkansu suna ɗaukar wuta daga wannan ƙafa zuwa waccan. Shi ne za ka ga tsatsa kore-kore ko fari-fari kamar garin kanwa. Shinkafa kuwa ba ta shiga ƙarƙashin marfin ƙarfen da ya rufe injin, balle ta tsotso abin da ke can. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa kada a sa iPhone a shinkafa. Abin da shinkafa ke yi kawai shi ne ta sa mai waya ya zauna a gida kwana biyu yana jira, tsatsa tana ci.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗaga maka murya ba. Na tambaye ka, ka buɗe wayar a gaban matar? Ka ce ta tafi kasuwa, sai yamma za ta dawo. To wannan ne.

Kana firamare lokacin ruwan 3 ga Yunin 2015, sai dai ka ji labari. Daren Laraba ne. Ruwa ya yi ta zuba har rafin Odaw ya cika ya tumbatsa, unguwar Circle gaba ɗaya ta zama tafki, a lokacin ma ba a gama gadar sama ba. Mutane suka fake a gidan mai, mai ya bi saman ruwa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu a daren nan, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Shagona a lokacin yana ta wajen Tip Toe Lane, kwantena ce ƙarama. Da na buɗe ƙofa da safe, laka ta kai mini gwiwa, shatin ruwa a bango ya wuce ƙirjina. Wayoyin mutane suna akwatin da nake tafiya da shi gida kullum, su suka tsira. Kayana kuwa, sikirin-sikirin da batura da na saro, duk sun tafi. Ban yi kuka a kan wannan ba, domin na ga waɗanda suka rasa 'ya'ya. Abin da Allah ya yi, an yi haƙuri.

Wanda mutum ya yi mini shi ne har yau bai bar zuciyata ba.

Bayan ruwan da kamar kwana goma, na wanke shago na sake zama. Ga dumso a lokacin, wato matsalar ɗauke wuta, a ba ka wuta awa 12 a ɗauke awa 24, kowane mai gyara yana tsere da agogo. Mutane cike a gaban teburina, kusan kowa da jiƙaƙƙiyar waya. Sai ga wani mutum da farin kaftani, ƙamshin turare kafin ya iso, casbi a hannu. Ya yi sallama da Hausa mai kyau, ya jajanta mini asarar da na yi, ya ambaci sunan wani dattijo na unguwarmu ya ce shi ya turo shi. Ya miƙo iPhone 6. A shekarar ita ce wayar manya, ba ta cika shekara da fitowa ba. Gilashin ya tsage ta kusurwa, fuskar baƙi ƙirin. Ya ce ɗansa ne ya yar da ita a kan tayil, sikirin kawai za a canja.

Na tambaye shi, domin ni ba yau na fara ba. Na ce, "Alhaji, ta taɓa ruwa?" Ya ce wallahi ko yayyafi bai taɓa ta ba, shi gidansa a kan tudu yake. Sannan ya juya ga wani da suka zo tare ya ce, "Kira ni." Aka kira. Wayar ta yi ƙara a tafin hannuna, tana rawa, a gaban mutum ya fi goma. Ya ce, "Ka ji ko? Lafiyarta ƙalau, ido ne kawai babu."

Ka san inda alamar ruwa take a iPhone 6? Ka zare tiren sim, ka haska tocila cikin ramin, akwai ɗan ɗigo. In fari ne, ba ta sha ruwa ta nan ba. In ja ne, ta sha. Aikin daƙiƙa goma. Tocilar tana aljihuna. Kuma idona ya ga sukurori biyun da ke ƙasa, gefen ramin caji, kawunansu sun ɗan goge, alamar wani ya riga ni kwance su. Na gani da idona. Amma mutum ya rantse da Allah, ya ambaci dattijon da nake jin nauyinsa, ga layi a bayansa, ga wuta saura awa biyu a ɗauke. Na ji kunyar in bincike shi a gaban jama'a kamar ɓarawo. Na ce ya dawo gobe. Ko takarda ban rubuta ba.

Da yamma na buɗe, na cire batir kamar yadda ake yi, na ɗora sabon sikirin da na ciyo bashi a wurin wani mai kaya. Na mai da batir, na ga ba caji sosai, na jona caja. Abin da kake shirin yi yanzu. Tambarin ya fito, haske ya yi kamar zai tsaya, sai ya dushe. Na taɓa bayan wayar, zafi kamar an sauke ta daga murhu, ga warin ƙuna. Na zare komai da sauri amma an riga an gama. Da na ɗaga marfin ƙarfen da ke kan injin, laka ce busasshiya a ciki, irin ta kwata, da koren tsatsa ta zagaye wurin wutar haske da wurin caji. Na haska ramin sim. Ja jawur.

Washegari ya dawo, ba shi kaɗai ba, su uku. Na nuna masa lakar, na nuna masa jan ɗigon. Ko gezau bai yi ba. Ya ɗaga hannu ya nuna shatin ruwan da ke bangon shagona, ya ce, "Wa ruwa ya ci tsakanina da kai? Na kawo maka waya tana ƙara, ga shaidu. Ka ajiye ta cikin danshin shagonka ta mutu, yanzu kana so ka ɗora mini." Ka ji yadda aka ɗaure ni? Ya zaɓi shagon da ruwa ya shiga da gangan. Duk wanda ya san aiki ya san danshin bango ba ya zuba laka ƙarƙashin marfin da aka liƙe da dalma, amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Abin da mutane suka ji da kunnensu shi ne waya ta yi ƙara.

Muka je ofishin 'yan sanda. Tambaya ɗaya aka yi mini: ina takardar da ta nuna halin da wayar ke ciki lokacin da ka karɓa? Babu. Wa ya ga ka buɗe ta? Babu kowa. Na wuni a kan benci tun safe har la'asar, ni da na shekara ashirin ina sana'a ba wanda ya taɓa kai ƙarata ko wurin mai unguwa. Manya suka shiga, aka ce a dawo da magana gida, azumi ya ƙarato, musulmi da musulmi bai kamata ba. A zauren sulhu aka yi ta ba ni haƙuri ni da aka cuta. Aka yanke in biya sidi 2,800, a lokacin da dala ɗaya ta haura sidi 4. Na sayar da ɗan janaretan da nake aiki da shi in an ɗauke wuta, na haɗa da kuɗin da na tara na hatsin azumi da ɗinkin yara. Ga bashin sikirin yana jirana. Sallar shekarar nan 'ya'yana da tsofaffin kaya suka je idi, ni na san abin da na ji da na gan su cikin sa'o'insu.

Bayan wata biyu wani abokin sana'a ya zo sayen dalma, hira ta kawo mu kan maganar. Ya ce in kwatanta masa mutumin. Na kwatanta. Ya dafa kai. Ashe wurinsa aka fara kai ta, kwana uku bayan ruwan. Shi ya kwance sukurorin nan. Ya gaya wa mutumin cewa ta sha ruwan kwata, injin yana kan hanyar mutuwa, ba zai taɓa ba. Mutumin ya fita daga can da sanin komai, ya je ya nemo wanda zai biya masa sabuwa. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a, yana miƙo mini hannu. Ina karɓa domin sallama haƙƙi ce. Kuɗin nan dai ban yafe ba, mu je gaban Allah da su.

Shi ya sa kake ganin ina sa ku buɗe waya a gaban mai ita, ko limamin unguwa ne, ko yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Kuna cewa Masta ya cika tsanani, kwastoma na gajiya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. In tana kunnuwa ka danna *#06#, ka kwafe lambobi 15 na shaidar wayar da za su fito a rasit. In ba ta kunnuwa ka duba jikin tiren sim ko takardar da ke bayanta ko kwalinta. Ka rubuta abin da ya ce, ka rubuta abin da ka gani, ya sa hannu. Ga kyamara a wayarka da kake ɗaukar kanka da ita safe da yamma, ɗauki hoton injin da ita mana.

Yadda ake ɗaga marfin baya da yadda ake zare sikirin ba zan tsaya gaya maka ba, yaron da ke sayar da ruwan leda a bakin titi ma ya gani har ya haddace. Batir ne farkon abin da ke fita. Injin ya fito, marafan ƙarfe su tashi, a wanke da sifirit mai ƙarfi, irin mai kashi 99, ba na shagon magani da aka sirka da ruwa ba. Burushi mai laushi, a busar sosai. Sannan mita, ka auna tsakanin layin batir da layin da ake kira ƙasa ka ga ko akwai shot, wato ko sun haɗe. Sannan injin ba da wuta na kan tebur: ka ɗaura, kada ka danna komai, ka zuba wa allurar ido. In ta motsa tun ba ka kunna ba, wani abu yana shan wuta a ɓoye, sai a nemo shi. Caja ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Kuma kada wani ya zo maka da zancen wayarsa ba ta jin ruwa. Gam ne ya riƙe wannan alkawarin, gam kuwa yana tsufa. Wayoyin da ake kawowa na hannu daga waje, nawa ne a cikinsu ba a taɓa buɗewa ba?

Matsalarku yaran yanzu gaggawa. Ku kalli bidiyon minti biyar a YouTube, wani ya taɓa nan ya taɓa can waya ta tashi, shi ke nan kun zama injiniyoyi. Ba ya nuna muku guda goman da suka mutu a hannunsa. Ni shekara biyu na yi ina share shago da goge ƙurar rediyo da talabijin kafin maigidana ya bar ni in riƙe ƙarfen dalma, kuma in na ƙona abu ɗaya ranar babu kuɗin koko. Ku kuwa wata shida kuna neman kwantena da allon suna, kunne toshe da abin jin waƙa, ido a kan sakamakon ƙwallo. Ana magana kuna cewa "na gane" tun ba a kai ƙarshe ba.

Yanzu ɗauki lambar matar nan ka kira ta. Ka ce Masta ya ce ba za a taɓa wayar ba sai tana tsaye. In ta zo ka buɗe a gabanta, ka nuna mata alamar ruwan da tsatsar da idonta. Ka gaya mata kuɗin wanki daban ne, ko ta tashi ko ba ta tashi ba ba a mayarwa, kuma ko ta tashi yau tana iya mutuwa bayan sati biyu. In ta yarda ta sa hannu. In ba ta yarda ba ka haɗa mata abinta ta tafi da shi. In ka wanke, ka kawo mini injin in gani kafin batir ya koma.