Ga mai tambaya kan jarrabawar lasisin tuƙi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce hannunki ya faɗa da sitiyari, amma tambayoyin dokokin hanya ne ke faɗar miki da gaba, kina neman ta inda za ki fara. Ni ma na bi ta nan. A hannun kawuna na koyi mota a Kano, na shekara ina kai yara makaranta, sai ranar da malamin makarantar koyon tuƙi ya zana shataletale a allo ya ce wa ke da hanya, na ce wanda ya riga sa kai. Ya girgiza kai. Wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, mai shigowa ya jira na hagunsa ya wuce. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, don haka ta hagu za su ɓullo miki.

Ki nemi littafin Highway Code na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, daga cikinsa tambayoyin ke fitowa. Amma kada ki zauna kina haddar alamomi ɗaya bayan ɗaya, za su cakuɗe miki. Ki kama su ta siffa da launi. Mai kusurwa uku gargaɗi take yi: kwana a gaba, makaranta, dabbobi na tsallakawa. Zagaye mai jan baki hani ne. Zagaye shuɗi umarni ne, abin da aka zana a ciki dole ki bi. Masu kusurwa huɗu bayani suke bayarwa, kamar asibiti ko gidan mai. Ta tsayawa kuwa ja ce mai kusurwa takwas, kuma tsayawa ake cak, ba rage gudu ba. Abin da ya zaunar min da su, duk lokacin da na shiga Adaidaita sai in riƙa fassara duk allon da muka wuce a zuciyata, wanda ya shige min duhu in duba littafin da daddare. Mako biyu suka ishe ni.

Lambobin gudu su kam sai hadda. Ƙaramar motar gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi. Motar haya 90 ce iyakarta a tagwayen titi, tirela da tanka 60. Ana yawan tambayar wannan. Sai zanen kan kwalta: farin layi mai yanke-yanke za ki iya wuce ta gabanki idan hanya ta buɗe, miƙaƙƙe wanda bai yanke ba kuwa ki zauna a hannunki. Danja mai ruwan ɗorawa ba ta nufin ki taka mai, shirin tsayawa ake. Ki kuma riƙe kayan da dole su kasance a mota: safaya, jak, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a baya idan mota ta lalace.

Abu ɗaya nake roƙonki. Za ki haɗu da masu cewa ki kawo kuɗi da hoto su kawo miki lasisi har gida. Maƙwabcina ya yi haka, sai a shingen bincike aka gano na bogi ne, ga asara ga kunya a gaban iyalinsa. Ki shiga makarantar da FRSC ta amince da ita, ki kammala darussa 26, jami'an VIO masu duba motoci da direbobi su gwada ki, ki je da kanki a ɗauki hotonki da zanen yatsu. Za a ba ki na wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihi ya fito. Naki rukunin B ne, na ƙananan motoci, kuma ki manna jar alamar L ta masu koyon tuƙi gaba da baya kafin ki sake fita da motar. Allah ya ba da sa'a.