Zauren Anti: 'Yata ta kafe sai an yi mata bazde irin na gimbiya

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah shawara nake nema. 'Yata ce za ta cika shekara 5 ƙarshen wata mai zuwa, tun da aka gayyace ta bazde ɗin wata 'yar ajinsu ta dawo ta hana ni sakat, wai ita ma sai an yi mata na gimbiya da riga mai baza da kambi irin na katun. Na tambayi masu dekoreshon, kuɗin da suka yanka min sai da na nemi wurin zama, ni kuma abun da na ware bai wuce dubu 40 ba, oben ma ba ni da shi. Abbanta bai hana ba amma ya ce banda DJ. Ya zan yi a gida abun ya fito ban ji kunya ba?
Maman Hanan, Kano

Wa alaikumus salam Maman Hanan. Sharaɗin nan na Abbanta ki karɓe shi hannu bibbiyu, kuɗi ya rage miki, dama malamai ba bakinsu ɗaya ba a kan bazde ɗin, tunda ya yarda ki yi shi kamar 'yar walima a tsakar gida a buɗe da addu'a shikenan.

Kunyar da kike tsoro kuma ta iyaye ce ba ta Hanan ba. Yarinya 'yar shekara 5 ba ruwanta da labulen bango, ita dai a sa mata rigar a ɗora mata kambi kowa ya kira ta gimbiya, to nan za ki zuba ƙarfinki. Ki shiga Kantin Kwari ki yanko yadin net kamar yadi 4 zuwa 5 da ɗan satin na shafi, tela ya tattare shi a ƙugu, amma ki kai ɗinkin tun yanzu ki ce masa saura sati biyu, kin san halin teloli. Shafin ciki ya zama mai laushi don net yana cizon fata, na ga yarinyar da ta tuɓe rigar tun kafin a yanka kek tana kuka tana susa. Kambi kuwa kwalin indomi ma ya isa, ki auna kanta da zare ki yanka shi da tsini-tsini, ki naɗe da takardar kyauta mai ruwan gwal ki manna duwatsun da ake sa wa mayafi da gam.

Sai ra'ayina, ki ɗauka ko ki bari. Ku da kuke Kano ga Gidan Rumfa a tsakiyar gari ai ba sai kun tsaya ga gimbiyar katun kaɗai ba. Ki aro ƙaramar alkyabba irin wadda ake sa wa yara ranar sauka ki yafa mata a kan rigar, kujerar roba ki lulluɓe da zanin gado mai kyau ta zama karaga, darduma a gabanta. Yaran maza da kike tunanin ya za a yi da su a bikin gimbiya, su ne dogarai, ƙyallen ja da kore a naɗa musu rawani, ɗaya ya riƙe mata lema, wani a naɗe masa kwali dogo ya zama kakaki ya yi ta busa da baki. Wallahi in ta fito daga ɗaki suna "hattara, taka lafiya gimbiya" ba DJ ɗin da zai ba ki wannan ihun. In sun gaji da tsalle a zaunar da su, kaka ko gwaggo ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ta ba su labarin Daurama da macijin rijiyar Kusugu da Bayajidda ya kashe, ko na Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwar da ake jingina mata. Ki yanka ƙananan kambi kowa ya yi wa nasa kala ya tafi da shi gida, kin huta da sayen kyautar rabawa.

Kek ba sai da oben ba. Babbar tukunya, yashi mai tsafta a ƙasa, ki rufe ta yi zafi kamar minti 15. Bota giram 250 da sukari kusan haka ki buga su har su yi fari, ƙwai 5 ɗaya bayan ɗaya, fulawa giram 250, bakin hoda ƙaramin cokali 2, ɗan filebo. Ki zuba a kwanon silba mai zurfi da kika shafe da bota, wuta kaɗan-kaɗan, zai kai awa ɗaya ko fiye don yana da kauri, kar ki yi ta buɗewa, ki soka tsinke in ya fito a bushe ya yi. In ya huce ki kife shi, kin ga ya zama siket ke nan, ki huda tsakiya ki naɗe ƙafafun 'yar tsana da leda ki tsayar da ita a ciki. Aisin na bota ba ya shiri da zafin Kano kuma NEPA ba abun dogaro ba ce, ki shafa shi ranar da safe ki ajiye a ɗaki mafi sanyi. Kuma dan Allah ki gwada gashin sau ɗaya kafin ranar.

Abinci kar ki wahalar da kanki, dafa-duka, zoɓo, cincin, alawar madara. Biskit da alawa ki saya kwali a kasuwar Singa ya fi sauƙi. Sai dai ki sani in kin gayyaci yara 10, to fa 25 za ki gani, kowa da ƙaninsa a hannu ga 'yan leƙe a bakin ƙofa, ki ƙulla gugguru da yawa a leda saboda su kar yaron maƙota ya koma yana kuka.

Lalle in za a yi a tsaya a ja na gargajiya, baƙin nan mai dayis yana ƙona fatar wasu yaran har ya tashi ƙuraje. Balan-balan ɗin da ya fashe a tsince shi nan take, haka duwatsun kambi, masu rarrafe komai baki suke kaiwa.

Rana kuma ki duba Alhamis ko Juma'a tunda yawancin Islamiyyu suna hutu, a fara bayan la'asar a watse kafin magariba. Ki sa ƙanwarki ko wata babba ta riƙe waya tana ɗaukar hoto, ke ranar ba za ki samu kanki ba, kuma a ɗauki na gimbiyar tun da farko kafin zoɓo ya sauka a gaban rigar.