Zuwa na ɗaya a aji da samun jami'a a Amurka

Malam, ka tambaya ko yaron da ke zuwa na ɗaya a aji ya gama samun jami'a a nan Amurka. Amsar ta danganta da jihar da ya yi sakandare.

A gida Najeriya lissafin sananne ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, makin JAMB, sai tantancewar jami'a. Ba mai tambayar na nawa yaro ya zo. A nan kuwa makin shekara huɗu ake tarawa, daga aji tara zuwa aji sha biyu (kwatankwacin JSS3 zuwa SS3), a fitar da matsakaicinsa, shi ne GPA. A maki 4 ce, B maki 3. Da wannan ake jera duk 'yan shekarar, ko da sun kai ɗari shida, ba 'yan ɗaki ɗaya ba.

Ga inda iyayenmu ke yawan ruɗewa. Makarantu da yawa na ƙara maki ɗaya ga darussa masu nauyi irin na AP, waɗanda matakinsu na shekarar farko ta jami'a ne, sai A ta zama 5, B ta zama 4. Yaron da ya ɗauki darussa shida na gama-gari ya ci A duka, 4.0 gare shi. Wanda ya saka AP huɗu cikin shidan, ya ci B a biyu daga cikinsu, A a sauran, yana da 4.33, ya wuce shi. Uba na ganin takarda fes yana hamdala, alhali an bar ɗansa a baya tun ranar zaɓen darussa.

Inda matsayi ke da ƙarfi sosai shi ne Tekzas. Dokar 1997 ta ba duk wanda ya fito cikin kashi 10 na saman makarantarsa gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. Jami'ar Tekzas da ke Austin ta fi tsanani: kashi 6 ta daɗe tana ɗauka, daga shigar 2026 ta mayar da shi kashi 5. Cikin ɗalibai 600, talatin na farko kenan. Kuma gurbin jami'a aka lamunce maka, ba kwas ba. Injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta sai an sake fafatawa. Kalifoniya na lamunce wa kashi 9 gurbi a ɗaya daga rassan jami'arta, sai dai ba lallai reshen da yaro ke so ba. Fulorida kuma kashi 20 ne.

A sauran wurare darajar matsayin aji ta ragu, makarantu da yawa ma sun daina fitar da shi. Manyan jami'o'i sun fi duba nauyin darussan da yaro ya ɗauka cikin waɗanda makarantarsa ke koyarwa, da makinsa, da rubutun da ya yi kan kansa, da shaidar malamai. In kana son sanin matsayar wata jami'a kan wannan, nemi takardarta mai suna Common Data Set, ka duba sashen C7. A nan take bayyana yadda take auna kowane abu.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da aka kawo daga gida a aji goma ko sha ɗaya. Wasu makarantu na karɓar darussan SS1 a matsayin an ci kawai, ba tare da maki ba, ko su sa yaro a ajin Lissafi da bai kai ƙarfinsa ba saboda Turancin bakinsa, sai hanyar AP ta toshe. Don haka ku taho da cikakken sakamako daga JSS3 zuwa sama, mai hatimi da bayanin ma'anar makin. A makon farko ku zauna da malamin da ke tsara wa ɗalibai darussa, ku roƙi a gwada yaro a Lissafi, ku tambayi yadda ake lissafa matsayi. Kada a jira aji sha biyu, domin ana cike takardun nema a farkonsa, da makin da aka tara zuwa ƙarshen aji sha ɗaya.

In kuwa daga Kano yaron zai nema, waɗannan dokokin ba su shafe shi ba. Sakamakon SS1 zuwa SS3, WAEC, jarabawar shiga jami'a ta SAT inda ake buƙata, da shaidar kuɗin karatu za a duba. Zuwa na ɗayan, shugaban makaranta ya ambace shi a wasiƙarsa, tare da adadin ɗaliban.