Hoto baƙi da fari: in biya manhaja da dala, ko in tsaya a ta kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Zariya, yawancin aikina biki ne da suna da fasfo. Kwanan nan na fara mayar da wasu hotuna baƙi da fari, kwastomomi kuma sun yaba. Abokan sana'a sun ce sai na biya manhajojin gyaran hoto na Lightroom da Silver Efex aikin zai fito. Jarina bai taka kara ya karya ba. In biya ne ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka biya tukuna. Yabo daban, ciniki daban. Cikin waɗanda suka yaba ɗin, mutum nawa ne suka ƙara maka kuɗi saboda hoton ya zama baƙi da fari? Amsar wannan ita za ta yanke hukunci, ba maganar abokai ba.

Lightroom ba a sayensa a mallaka. Kamfanin Adobe haya yake ba ka, da dala, kai kuwa da naira kake ciniki. Ka tuna a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa 2024 ta haura 1,500, kuma babu mai hoton da ya iya ninka farashinsa sau uku. Akwai wani tarko ma: idan ka zaɓi tsarin shekara da ake biya wata-wata, ka fasa bayan kwana 14, za a caje ka rabin kuɗin da ya rage. Kan wannan ne hukumomin Amurka suka maka kamfanin a kotu a 2024. Shi kuwa Silver Efex, dalilin da ya sa za ka ji wasu na cewa kyauta ne shi ne Google ya sake shi kyauta a 2016, amma tun 2017 yana hannun kamfanin DxO na Faransa, kuma sayar da shi suke yi.

Yi lissafi a takarda. A ce, a misali, hayar shekara dala 120 ce, a kan 1,500 ta kama naira 180,000. Idan kana samun biki 30 a shekara, kowane biki zai ɗauki 6,000, ba komai ba ne. Idan biki shida ne, 30,000 ke nan a kan kowanne, tun kafin ka cire kuɗin mai na janareta. Abin da Lightroom ya fi kawowa shi ne sauri wajen tace hotuna dubu a dare ɗaya. Ranar da aiki ya fara yi maka yawa har kana saɓa wa amare alkawari, ranar ya cancanci kuɗinsa.

Kafin nan, darktable da RawTherapee kyauta ne, GIMP ma haka. In Canon kake riƙe da ita, akwai Digital Photo Professional. Masu Nikon suna da NX Studio. A waya kuma Snapseed ya isa ƙananan ayyuka. darktable yana da wuyar sabo, wannan kam ba zan ɓoye maka ba, sai ka ba shi makonni. Lightroom na sata da ake zuba wa mutane a kwamfuta a kasuwa kuwa, ka nisance shi. Ƙwayar cutar kwamfuta ɗaya ta kulle maka hotunan kamu da na ɗaurin aure, ba a sake bikin don kai.

Inda kuɗin yake shi ne yadda kake aikin. Ɗauki hoto a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta matse ba, maimakon JPEG da aka saba. JPEG matakin haske 256 kawai yake riƙewa, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. A hoton da babu kala, haske da inuwa su ne komai. Ɗauki ango baƙin mutum sanye da farar shadda da rana tsaka: in ka buɗe haske don fuska ta fito, aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat, in ka rage don riga, fuska ta nutse. Da RAW za ka iya jawo zaren aikin ya dawo, ka ɗaga fuskar ita kaɗai.

Sannan kada ka tsaya a danna maɓallin cire kala. Jan mayafi da koren leshi, in haskensu ɗaya, toka iri ɗaya za su koma, amarya ta narke cikin ƙawayenta. Duk manhajojin kwamfuta masu kyau suna ba ka damar cewa ja ya yi haske, kore ya yi duhu. Fatarmu tana cikin ja da ruwan lemo ne, can za ka taɓa, amma a hankali, in ka wuce gona da iri fuska sai ta yi kamar an shafa mata toka. Idan ka samu saitin da ya yi maka, adana shi: ɗaya na cikin shago, ɗaya na rana, ɗaya na zauren biki da dare. Tace hotuna tukuna, ka zuba saitin a kan waɗanda ka zaɓa gaba ɗaya, sannan ka bi 'yan ƙalilan da hannu. Ainihin fayil mai kala kuma ka ajiye shi a wuri biyu.

Ta fuskar sayarwa, kada ka cire wa biki kala. Matar da ta kashe kuɗi kan anko da kwalliya so take a ga launin. Ka sayar da baƙi da fari a matsayin ƙari mai farashinsa daban: fuskar kakan ango da rawaninsa, hannun amarya da lalle, mahayin doki a hawan sallah. Irin waɗannan a babban firem ake son su, kuma ribar firem ta fi ta tura hoto a WhatsApp nesa ba kusa ba.

Wajen wankewa ne mutane da yawa suke asara. Injinan da aka saita don hoto mai kala sukan fitar da baƙi da fari da ɗan kore-kore ko ja-ja. Kafin ka biya kuɗin babba, ka wanke ƙarami a wurare biyu ko uku, ka fita da su waje ka duba a hasken rana kusa da farar takarda. Wanda tokarsa ta fito tsaf, da shi za ka ƙulla, ka kuma karɓi rabin kuɗi a hannun kwastoma kafin a yanka katakon firem.